Yadda za ka auna ƙarfin jan ƙasa a ɗakinka da zare da noti

Duk shekara idan firaktikal na WAEC da NECO ya ƙarato, tambaya ɗaya ɗalibai ke ta maimaita min: "Malam, makarantarmu ba kayan gwaji, yaya za mu koyi aikin da hannunmu?" Da yawansu sun haddace cewa g, wato ƙarfin jan ƙasa, daidai yake da 9.8, ko 10 idan ana son sauƙin lissafi, amma ba su taɓa ganin inda lambar ta fito ba. To, gani ya kori ji. Lambar nan kana iya fitar da ita da kanka a ɗakin da kake kwana, cikin awa biyu, da kayan da yawancinsu suna gidanku.

Abin da g ke nufi shi ne: idan abu ya faɗo daga sama, gudunsa yana ƙaruwa da kusan mita 9.8 a sakan, a kowane sakan da ya wuce. Faɗuwar tana da sauri, hannu ba zai iya kama lokacinta da agogo ba. Shi ya sa ake bi ta lilo, wato abu mai nauyi a ƙarshen zare, wanda littattafan makaranta ke kira fendulam. Jan ƙasar da ke faɗo da dutse shi ne ke kai lilo yana kawo shi, kuma lilo yana tafiya a hankali yadda za a iya ƙirga shi.

1. Tara kayan aiki

Zare mai ƙarfi, siriri, kamar mita biyu. Irin wanda masu ɗinkin takalma ke amfani da shi ya fi. Zaren saƙa da duk wani mai laushi kamar roba ba zai yi ba, domin yana miƙewa idan ya ji nauyi.

Noti babba na ƙarfe. Je wurin mai gyaran babur ko bakanike, ka roƙi tsoho ɗaya, galibi kyauta zai ba ka. Ƙaramin kwaɗon ƙofa ma yana yi, sai dai gano tsakiyarsa ya fi wuya. Abin da ake so shi ne ƙarami mai nauyi. Ƙwallon roba ko murfin kwalba iska za ta cinye lilonsu kafin ka gama ƙirga.

Tef na tela, ko rula mai mita ɗaya. Wayar hannu mai agogon ƙirga sakan. Abin maƙale shanya guda ɗaya, sanda ko faffaɗan katako, alli, fensir mai tsini, doguwar rula mai haske wadda ake ganin takarda ta cikinta, kalkuleta, da takardar giraf.

Batun kuɗi: abin da za ka saya da gaske bai wuce takardar giraf da wataƙila zare ba. Sauran aro ne. Kada wani ya sa ka sayi agogon gwaji na musamman, na waya ya isa.

Hattara da tef ɗin tela: fuska biyu gare shi. Ɗaya inci ce, ta ƙare a 60, ɗaya santimita ce, ta ƙare a wajen 150. Teloli inci suke karantawa, kai kuwa santimita kake nema. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, don haka idan ka juya fuskar, duk aikinka ya tashi a banza.

2. Rataye lilon

Ɗaure abin maƙale shanyar a bakin sandar da kyau, bakinsa yana kallon ƙasa. Ɗora sandar a saman sif ko wadirob, bakinta ya leƙo waje kamar taƙi ɗaya, ka danne ɗaya gefen da littattafai masu nauyi ko bulo. Ɗaure notin a ƙarshen zare, ka maƙale zaren a bakin abin shanyar. Amfanin wannan dabara biyu ne. Za ka iya rage tsawo ko ƙara shi ba tare da kwance ƙulli ba, sannan ka san takamaiman inda lilon ke farawa, wato daidai leɓen da ya danne zaren.

Wasu suna naɗe zare a jikin ƙusa. Yana yi, amma zaren yana zamewa a kan ƙusar yayin da yake lilo, sai wurin farawa ya riƙa sauyawa. Idan ƙusa kaɗai gare ka, ɗaure shi tamau da ƙulli a ƙasanta.

Taɓa sandar ka gani. Idan tana motsi, ƙara mata nauyi. Reshen bishiya a tsakar gida ba wurin wannan aiki ba ne, reshen yana rawa, iska kuma tana kaɗawa, balle a lokacin hunturu. Shiga ɗaki, kashe fanka, rufe taga.

Bar notin ya rataya minti biyu ko uku kafin ka auna komai. Za ka ga yana ta juyawa, murɗin zaren ne ke warwarewa, kuma yana warwarewa zaren na ƙara tsawo. Sai ya tsaya cik, sannan ka ja layi da alli a bango ko jikin sif daidai bayan zaren. Wannan layin shi ne tsakiya, za mu dawo kansa.

3. Auna tsawo

Tsawon lilo, wanda ake rubutawa L, yana farawa daga leɓen da ya riƙe zare, ya ƙare a tsakiyar notin. Ba a ƙullin da ke samansa ba, ba a ƙasansa ba. A nan ne ɗalibai suka fi yin kuskure, domin ido yana ganin zare, sai hannu ya auna zare kawai. Hanya mai sauƙi: auna daga sama zuwa kan notin, auna daga sama zuwa ƙasan notin, ka haɗa biyun ka raba biyu.

Auna yayin da notin ke rataye, kada ka shimfiɗa zaren a ƙasa. Sa idonka daidai da lambar da kake karantawa. Idan ka leƙo daga sama ko daga ƙasa, za ka iya yin kuskuren milimita biyu ko uku ba ka sani ba.

Za ka yi tsawo biyar: santimita 40, 60, 80, 100 da 120. Ni nakan ce a fara da mafi tsawo, domin dogon lilo a hankali yake tafiya, ya fi sauƙin ƙirgawa, kafin ka zo kan gajere hannunka ya saba. Ba dole ba ne tsawon ya faɗa daidai kan 80. Idan ka auna ka ga 80.4, rubuta 80.4 ka ci gaba. Lambar da ka gani ita ce ta gaskiya, kuma giraf ba ruwansa da ko lamba ta yi kyau a ido.

4. Saki da ƙirga

Wannan mataki shi ne zuciyar aikin, don haka zan daɗe a kansa.

Ja notin gefe kaɗan. Kaɗan fa. Ƙa'idar lissafin da za mu yi amfani da ita tana aiki ne idan kusurwar ba ta wuce digiri 10 ba. Idan ba ka da ma'aunin kusurwa, riƙe wannan: nisan da za ka ja kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na tsawon zaren. Zaren mita ɗaya, ja santimita 10. Na santimita 40, ja santimita 4. Zai yi maka kamar ya yi kaɗan, ya isa. A digiri 10 kuskuren lokaci bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, amma a digiri 30 ya kusa kashi 2 cikin ɗari, kuma idan aka zo fitar da g kuskuren ninkawa yake yi.

Saki notin, kada ka tura shi. Buɗe yatsu kawai. Duba daga sama: ya kamata ya tafi ya dawo a kan layi ɗaya. Idan ya fara zagaye kamar mai kewaya rijiya, tsayar da shi ka sake.

Yanzu mene ne lilo ɗaya? Tafiya da dawowa. Noti ya wuce layin allin zuwa dama, ya dawo ya wuce zuwa hagu, ya sake dawowa ya wuce zuwa dama, wannan ne ɗaya. Duk sanda ya ratsa layin yana nufar dama, ka ƙara ɗaya. Ratsawar da ya yi zuwa hagu ba a ƙirga ta.

Me ya sa a tsakiya ake kama lokaci, ba a gefe ba? Domin a gefe notin yana rage gudu har ya ɗan tsaya, ido ba ya iya tantance ainihin lokacin da ya juya. A tsakiya kuwa da gudu yake wucewa, ratsawar a fili take.

Bar shi ya yi lilo biyu ko uku tukuna. Sannan ka riƙa ƙirgawa da baya tare da shi: uku, biyu, ɗaya, sifili. A kan sifili ka danna agogo. Daga nan ɗaya, biyu, har ashirin, a kan ashirin ka tsayar.

Gargaɗi mai muhimmanci: wanda ya danna agogo yana cewa "ɗaya" lilo 19 ya ƙirga, ba 20 ba. Na ga aji guda sun yi wannan kuskure tare, kowa ya samu wajen 10.8, suka yi ta zargin agogo.

Dalilin ƙirga 20 maimakon ɗaya shi ne yatsanka. Tsakanin ido ya gani da yatsa ya danna akwai jinkiri na kusan sakan 0.2. Lilo ɗaya na zaren mita ɗaya sakan 2 ne, ka ga jinkirin ya kai kashi 10 cikin ɗari. Lilo 20 kuwa sakan 40 ne, wannan jinkirin ya koma rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Idan kana da haƙuri ka yi 50, ya fi, sai dai ƙirga tana ɓacewa mutum a hanya.

Mutum ɗaya ya riƙe waya kuma ya yi ƙirga. Idan wani na ƙirgawa yana cewa "tsaya", wani na dannawa, jinkirin mutum biyu kuka haɗa. Abokin aikinka ya riƙe biro ya rubuta. Sa wayar a yanayin jirgi, kada kira ya shigo kana kan goma sha bakwai.

Kowane tsawo ka auna sau biyu. Idan bambancin ya wuce sakan 0.4, yi na uku. Idan bambancin ya kai lokacin lilo guda, ƙirga ce ta kuɓuce maka, soke shi ka sake.

5. Cika jadawali

Ja jadawalin kafin ka fara awo, ba bayan ka gama ba. Gida shida: L a mita, lokaci na farko, lokaci na biyu, matsakaicinsu, T, sai T². T shi ne lokacin lilo ɗaya, wato matsakaicin lokaci a raba da 20. T² kuma T sau T. Rubuta ma'aunin kowane gida a kansa, mita ko sakan, domin a jarrabawa ana rage maki a kan wannan.

Maida santimita zuwa mita tun a nan: 40 ya zama 0.40, 120 ya zama 1.20.

Ga abin da lissafi ke nuna za ka samu kusa da shi a ƙasar Hausa, don ka gane ko kana kan hanya:

L = 0.40, lilo 20 kusan sakan 25.4, T = 1.27, T² = 1.61
L = 0.60, kusan sakan 31.1, T = 1.56, T² = 2.42
L = 0.80, kusan sakan 35.9, T = 1.80, T² = 3.23
L = 1.00, kusan sakan 40.2, T = 2.01, T² = 4.04
L = 1.20, kusan sakan 44.0, T = 2.20, T² = 4.84

Na yi jinkirin sa waɗannan lambobi, don na san halin wasu: za su kwafe su a littafi, su ce sun yi gwaji. Malamin da ya saba duba aikin ɗalibai yana gane lambobin kwafe da kallo ɗaya, sun cika santsi. Awon hannu yana ɗan kaucewa nan da can. Idan ka samu 40.5 a inda na rubuta 40.2, bar abinka a 40.5.

Wajen lissafi kada ka datse lamba da wuri. Riƙe T da lambobi uku bayan ɗigo, sannan ka ninka shi. Kuma gida ɗaya ya zama da yawan lambobi iri ɗaya daga sama har ƙasa, kada wani ya zama 2.2 wani 1.795.

6. Zana giraf

T² a layin tsaye, L a layin kwance, sai dai in takardar tambaya ta ce akasin haka, to bi abin da ta ce. Rubuta sunan kowane layi da ma'auninsa.

Zaɓi sikeli mai sauƙin karantawa: babban gida ɗaya ya tsaya a madadin 0.1, 0.2, 0.5 ko 1. Guji 3 da 7, za su wahalar da kai wajen gano ƙananan gidaje. Ɗigoginka su mamaye fiye da rabin takardar, kada su taru a lungu ɗaya.

Sa kowane ɗigo da fensir mai tsini, ka kewaye shi da ƙaramin zobe ko ka yi ƙaramar alamar sau. Sannan ka ɗora rular ka ja miƙaƙƙen layi ɗaya da ya ratsa tsakaninsu, waɗanda suka kauce su rabu, wasu sama wasu ƙasa. Kada ka bi ɗigo ɗigo kana haɗawa kamar haƙoran zarto. Kada kuma ka tilasta wa layin ya bi ta sifili in bai ga dama ba.

Idan ɗigo ɗaya ya yi nisa da 'yan'uwansa, koma ka sake auna wannan tsawon. Abin da ya sa ke nan ba a kwance lilo sai an gama giraf. Idan kuma layin gaba ɗaya ya lanƙwashe kamar baka, duba da kyau, mai yiwuwa T ka zana maimakon T².

7. Fitar da gangara, sannan g

Zaɓi wurare biyu a kan layin da ka ja, masu nisa da juna, ba ɗigogin jadawali ba. Zana babban alwatika a tsakaninsu. Gangarar layi ita ce bambancin tsaye a raba da bambancin kwance.

Misali, a ce a L = 0.50 layin ya nuna 2.01, a L = 1.10 ya nuna 4.44. Bambancin tsaye 2.43, na kwance 0.60. Gangara ta zama 4.05.

Ƙa'idar lilo ita ce T = 2π√(L/g). Idan aka ninka kowane ɓangare da kansa, T² = (4π²/g) × L. Wato gangarar nan daidai take da 4π²/g. Lambar 4π² kuwa 39.48 ce. Don haka g = 39.48 ÷ gangara. A misalinmu, 39.48 ÷ 4.05 = 9.75.

Da me za ka gwada amsarka? g ba ɗaya ba ne a ko'ina a duniya. A kan layin da ya raba duniya biyu kusan 9.78 ne, a can ƙuryar arewa da ta kudu kusan 9.83. Kano, Katsina, Maraɗi da Damagaram duk ba su yi nisa da tsakiyar ba, namu yana wajen 9.78. Wanda ya samu tsakanin 9.5 da 10.1 da zare da noti ya yi aiki mai kyau.

Wani zai ce, me ya sa ba za a ɗauki tsawo ɗaya kawai a sa a ƙa'ida ba? Ana iyawa, amma giraf yana da wata fa'ida. A ce a dukkan awo biyar ka manta da rabin notin, kowane tsawo ya ragu da santimita ɗaya. Layin gaba ɗaya zai matsa gefe, amma gangararsa ba za ta sauya ba, g ɗinka ya tsira. Inda layin ya yanke layin kwance ma zai nuna maka yawan abin da ka manta.

8. Idan amsar ta kauce

Amsar banza ma tana da labari, yawanci tana nuna inda aka yi tuntuɓe.

Ka samu wajen 39: rabin lilo ka riƙa ƙirgawa a matsayin ɗaya.
Wajen 10.8: ka fara ƙirga da ɗaya maimakon sifili.
Wajen 978: aikinka daidai ne, santimita ce ba ka maida mita ba.
Wajen 3.9: inci ka karanta a tef.
Wajen 0.02: ba ka raba lokacin da 20 ba.
Tsakanin 9.0 da 9.4: duba ko ka ja notin da nisa sosai, ko sandar tana rawa.

Abin da ba a yi shi ne komawa jadawali a goge lamba a sa wata don amsa ta fito 10. Wanda ya samu 9.3 ya kuma bayyana dalilin da yake zargi ya fi wanda ya ƙera 10.0 fahimtar aikin, kuma a zauren jarrabawa, inda za a iya ba ka wani tsari da ba ka taɓa gani ba, ba ka ma san amsar da za ka ƙera ba.

9. Kafin ka kwance zaren

Yi ƙarin gwaji biyu, minti goma sun isa. Na farko, sauya notin da wanda ya ninka shi nauyi, ka gyara zaren yadda tsawo zuwa tsakiyarsa zai zama kamar na da, ka sake ƙirga 20. Kafin ka danna agogo, tambayi na kusa da kai wanne zai fi sauri. Kusan kowa mai nauyin zai zaɓa. Lokacin ba zai sauya ba, kuma in ka duba ƙa'idar za ka ga babu nauyi a cikinta.

Na biyu, ja notin har digiri 45 da gangan. A zaren mita ɗaya, lilo 20 zai ƙaru da kusan sakan ɗaya da rabi. Daga ranar ba sai an tuna maka batun ƙaramar kusurwa ba.

A takardar WAEC akan ce ka faɗi matakan kiyayewa biyu da ka ɗauka. Rubuta abin da ka yi da hannunka, a sigar abin da ya riga ya faru: na tabbatar kusurwar ƙarama ce, na hana notin zagaye, na sa ido daidai da rula wajen karatu, na kashe fanka don kauce wa iska, na maimaita awo na ɗauki matsakaici. Zaɓi biyu daga ciki, ka rubuta su da Turanci a cikakkiyar jimla. A makaranta za a ba ka ƙwallon ƙarfe mai ƙugiya da tsagaggen toshiyar kwalba a maimakon noti da abin shanya, don haka tsawonka zai fara daga ƙasan toshiyar ya ƙare a tsakiyar ƙwallon.